Minti Goma Sha Ɗaya a Bakin Rijiya

"Wannan na waye?"

Raɗa ta tsaya cak a ƙofar kantin maganin. Jakarta ce a buɗe a kan tebur, Abba kuma yana riƙe da ɗan shuɗin abin shaƙa na masu asma da yatsu biyu, kamar ya tsinto ƙazanta.

"Abba... na wani ne a wurin aikinmu."

"Na wani!" Ya cire tabarau ya ajiye. "Shekara talatin ina sayar da magani, ki ce ban san kayan kantina ba? Na yaron nan ne da ke mutuwa a kan dandamali kullum ana tafa masa. Ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Me yake yi a jakarki?"

"Kayan wasansa ba su da aljihu, Abba. Ni nake riƙe masa."

"Yau magani kike riƙe masa, gobe kansa za ki riƙe a gadon asibiti."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan takalminta.

"Ina son sa, Abba..."

 Abba ba mugun mutum ba ne, kowa a layin ya shaida. Shekara shida ya yi yana jinyar mahaifiyarta kafin ta rasu, kuma tun daga nan tari kaɗan in ya ji sai jikinsa ya ɗau rawa.

"Na san abin da ake nufi da zama kana sauraron numfashin mutum," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan ba da ke ga wanda numfashinsa na aro ne ba."

"Na kowa ma na aro ne, Abba."

"Ki mayar masa da kayansa!"

Ta ɗauki abin shaƙar ta jefa a jaka ta fice. Ba ta mayar ba.

Raɗa ba sunanta na gaskiya ba ne, 'yan gidan wasan kwaikwayon da take aiki ne suka laƙaba mata. Aikinta shi ne ta zauna a wata 'yar kujera a gefen dandamali, inda 'yan kallo ba sa ganinta, littafin wasa a kan cinya. Duk ɗan wasan da maganarsa ta ɓace masa, ita ke raɗa masa. Shekara uku tana wannan aiki ba wanda ya taɓa tafa mata, ita kuma ko a jikinta.

Wasan da ya riƙe gidan tsoho ne, tun iyayensu na makaranta ake karanta shi. Ɗan mai haƙar rijiya ne ya so 'yar wani attajiri, attajirin ya ce sai ya haƙa masa rijiya a wani busasshen fili tukuna. Saurayin ya yi ta haƙa har iskar ƙarƙashin ƙasa ta shaƙe shi. Ya ja igiya, mai riƙe masa igiyar kuwa ya juya yana hira, bai ji ba. Yarinyar ta bi shi ciki. Aka fito da su biyun aka shimfiɗe a bakin rijiya, sai manya suka tsaya a kansu suna jifan juna da laifi har labule ya sauka.

Minti goma sha ɗaya ake yi ana wannan gardama. Raɗa ta sha aunawa da agogonta.

Minti goma sha ɗaya kuma saurayinta, wanda duk gidan ke kira Jarumi, yake yi a kwance ba motsi, ya ba 'yan kallo baya, fuskarsa tana duban kujerarta. Duk faɗin zauren ita kaɗai ke ganin wannan fuska. Don haka suka yi yarjejeniya: in hannunsa na dama a dunƙule yake, lafiya lau. In ya buɗe tafin, ƙirjinsa ya kama, sai ta ɗaga wa mai labule hannu ya sauke, ta ruga masa da abin shaƙa. Sau biyu hakan ta faru a shekara uku. Sauran ranakun kuwa, yana kwance a mace yana kashe mata ido, ita tana danne dariya da littafi. A nan soyayyar ta tsiro.

Da yammar ranar da suka yi da Abba, bayan an tashi daga gwaji, suka zauna a bakin rijiyar kwali suna karkaɗa ƙafa.

"Raɗata, tsakaninki da Allah, wa ya kashe masoyan nan?"

"Uban mana! Wa ya aike shi da sharaɗin rijiya?"

"Kin dai ce haka ne don kun yi da Abba."

Ta harare shi. "To kai wa ka ce?"

"Marubucin. Shi ya kashe bayin Allah don a tafa masa."

Ta kai masa dukan wasa da littafi, ya kauce yana dariya har dariyar ta koma tari. Nan take ta kai hannu jaka. Ya girgiza kai, ya nuna mata dunƙulallen hannunsa.

"Lafiya lau, rabin raina. Mai igiyar fa, me kika ce da shi?"

"Ayya, shi juyawa kawai ya yi."

"Shi nake tausayi duk cikinsu. Sauran kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa." Ya gyara zama. "Zan koma wurin Abba."

"Sau huɗu ya kore ka, Jarumina."

"Ai shi ya sa saura na biyar. Wannan karon ba da hannu biyu zan je ba, ki zuba ido."

"Me kake ƙullawa?"

"Sai ta nuna."

Ta so ta matsa masa, amma murmushin nan nasa ya kashe mata baki.

Akwai wadda ba ta son ganin wannan murmushi ya nufi kujerar gefe. Tauraruwa ce, mai fitowa a 'yar attajiri. Kyakkyawa ce ta gaske, ba a musu, kuma ta iya kuka a dandamali har masu shara su ajiye tsintsiya. Shekara uku tana mutuwa a gefen Jarumi sau uku a mako, bai taɓa juyowa ya dube ta ba, kuma abin yana cin ta.

Mako biyu bayan haka aka ce manyan baƙi za su zo daga babban gidan wasa na birni, su kalli wasan ƙarfe huɗu, su zaɓi waɗanda za su ɗauka. Gida ya rikice. Darakta har hayar injin hayaƙi ya yi, wai don bakin rijiya ya yi kama da gaske.

Raɗa tana ɗaure wa Tauraruwa igiyar riga a ɗakin shiri, sai Tauraruwa ta dube ta ta madubi ta yi wani ɗan tsaki na tausayi.

"Ayya ƙawata, za mu yi kewarki wallahi."

"Ku wa?"

"Au... bai gaya miki ba?"

Ta buɗe jakar kwalliya ta zaro takarda ta miƙa mata. Rubutun hannun Jarumi ne, Raɗa za ta gane shi ko a cikin dubu. Ya rubuta wa baƙin cewa in wasan yau ya gamsar da su, ya amince ya koma birni ƙarshen wata, shi da abokiyar wasansa Tauraruwa.

"Ni ya ba in miƙa wa baƙin. Wata biyu muna shiryawa," in ji Tauraruwa tana shafa jan baki. "Ya ce kar a gaya miki, wai zuciyarki ba ta da ƙwari. Kar ki ga laifinsa. Abbanki ya gajiyar da shi, mutum har sau nawa za a kore shi?"

Raɗa ta karanta sau biyu. Layukan suka riƙa rawa a idonta. Wato wannan ne abin da ake ƙullawa, wannan ne "sai ta nuna"! Ta ninke takardar a hankali ta ajiye, ta ƙarasa ɗaure igiyar rigar kamar ba a yi komai ba, ta fita.

A lungun da ke bayan dandamali ta yi karo da shi, ya sa kayan haƙar rijiya, an shafa masa ƙasa a fuska. Yana ɗan haki, ta gani, amma zuciya ta riga ta ɗebe ta.

"Raɗata! Ke nake nema. Abu biyu nake so, na farko..."

"Matsa min."

"Me ya faru? Da safe na je wurin Abba, kuma bayan wasa ina da albishir..."

"Na riga na ji albishir ɗinka. Allah ya kiyaye hanya."

"Wace hanya? Hasken idona, ki dube ni mana!"

"Na gaji da dubanka!"

Ƙararrawa ta kaɗa. Darakta ya leƙo yana tafa hannu, "Jarumi, kai ake jira!" Jarumi ya tsaya daƙiƙa ɗaya yana kallonta, bakinsa a buɗe da sauran magana, sai aka ja hannunsa.

Ta zauna a kujerarta ta buɗe littafi.

Jarumi bai taɓa yin wasa irin na ranar ba. Zauren ya yi tsit, har baƙin suka daina rubutu. Da aka zo wurin rijiya sai injin ya fara aman hayaƙi, fari fat, ya malale dandamali. Aka fito da masoyan aka shimfiɗe. Manya suka taru a kansu.

Raɗa ta kafe littafi da ido.

"Kai ka kashe su!" in ji mai fitowa a uban saurayin.

"Ni? Wa ya koya masa shiga rami?" in ji mai fitowa a attajirin.

Tana bin layi da yatsa, kalma bayan kalma, duk da ta haddace su tuntuni. Ta san Jarumi yana can yana kallonta. Ta san jira yake ta ɗago ya yi mata murmushin nan, ta narke kamar kullum. Yau kam a'a.

Minti na huɗu hayaƙin ya janye daga gefenta, har tana hango takalman tsofaffin ta gefen ido.

Minti na shida ta ji wani ɗan ƙarar ƙarta a kan katako, kamar farce.

*Ka yi ta yi,* ta ce a ranta. *Yau ba zan duba ba.*

Ƙartar ta sake zuwa, a hankali. Sannan ta daina.

Abin shaƙar yana aljihun siket ɗinta, tana jin nauyinsa a cinya. Hawaye ya ɗiga a shafin, ta goge da babban yatsa ta ci gaba da bin layi. Ba wanda ya manta maganarsa ranar, ko mutum ɗaya.

Labule ya sauka. Tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Tauraruwa ta miƙe tana kakkaɓe riga. Tsofaffin suka jera don gaisuwa.

"Jarumi, tashi mana, an gama!" in ji Darakta yana dariya.

Sai a lokacin Raɗa ta ɗago.

Tafin hannunsa a buɗe yake, shimfiɗe a kan katako, yana fuskantar kujerarta.

Ba ta san lokacin da ta isa wurinsa ba. Ta tallabo kansa, ta tura masa abin shaƙar a baki tana dannawa, tana dannawa. Leɓɓansa sun canja launi.

"Ja! Jarumina, ja numfashi! Ga ni, ga ni na zo... Don Allah ka ja!"

A bayan labule har lokacin tafi ake yi ana kiran sunansa. Kafin motar Darakta ta kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Kwana uku bayan haka 'yan gidan suka taru a kan dandamalin, wai a tattauna. Ba tattaunawa aka yi ba.

"Wa ya ce ka kawo hayaƙi alhali ka san yaron yana da asma?" in ji mai labule.

"Ni na sani zai kama shi? Shi me ya hana shi tashi?" Darakta ya share gumi ya juya kan Tauraruwa. "Ke fa da kike kwance a jikinsa, ba ki ji komai ba?"

Tauraruwa ta rushe da kuka, wannan karon na gaske, mara kyan gani.

"Na ji... Na ji ƙirjinsa yana shewa. Amma baƙi suna kallo, kuma na ga ba a sauke labule ba, sai na ce lafiya ne..."

Idanu suka juyo kan Raɗa. Ta buɗe baki, Darakta ya riga ta.

"Kar wanda ya taɓa yarinyar nan! Hayaƙi ya rufe ko'ina, ta ina za ta gani?"

"Gaskiya ne," suka amsa gaba ɗaya. Har da masu dafa mata kafaɗa.

Da aka watse Tauraruwa ta biyo ta har ƙofa, ta damƙa mata wata takarda a hannu ba tare da ta dube ta ba.

"Shafi biyu ne. Ɗaya na nuna miki."

Raɗa ta buɗe. Rubutun nan dai nasa. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, ba zai je ko'ina ba sai an ɗauki mai raɗa masa magana aiki tare da shi, domin ita zai aura, kuma yana son ya je wa mahaifinta da aiki tsayayye a kusa da babban asibiti.

Shi ya sa bai tashi ba. Tashi a gaban baƙi ɓata wasa ne, ɓata wasa kuwa rasa ta ne. Sai ya kwanta ya buɗe hannu yana jiranta, don bai taɓa buɗewa ba ta zo ba.

Ta zauna a kan matakala.

A gida ta tarar da Abba a falo, kantin a rufe da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni ne," ya ce tun kafin ta ajiye jaka. "Ya zo da safen ranar wasan yana haki. Ya ce nasa na gida ya ƙare, in sayar masa da wani, sannan yana da magana. Na ce ba na sayarwa, ya je ya karɓi wanda ke jakarki tunda ke ce ma'ajinsa." Muryarsa ta karye. "Ni na kashe ɗan mutane, 'yata. Ki yafe min."

*Abu biyu nake so, na farko...*

Ta dafe bango. Abba yana kuka yana neman gafararta. Kowa ya ɗauki guntun laifinsa yana yawo da shi, kuma kowa ya wanke ta tas. Wannan wankewar ce ta fi komai ci mata rai.

Mako ya zagayo, mahaifiyar Jarumi ta aiko tana son ganinta.

Tsohuwar malamar firamare ce, siririya, shi kaɗai ta haifa. Raɗa ta same ta a ɗakinsa, zaune a bakin gado. Takalmansa na jere a ƙarƙashin tebur, rigarsa a rataye a jikin ƙofa. Raɗa ta durƙusa za ta gaishe ta, matar ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Kin rame, 'yata."

"Mama..."

"Duk sun zo. Daraktanku ya zo, yarinyar nan ta zo, mahaifinki ma jiya ya zo har yana durƙusa min. Kowa da nasa laifin ya kawo min, kamar ina da wurin ajiyewa." Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Na yafe musu. Ni ba wanda ya kashe shi nake nema ba, ko na samu ba zai dawo min da shi ba."

Raɗa ta sunkuyar da kai.

"Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Ya sha gaya min, 'Mama, kar ki damu in ina kwance a can, akwai mai kallona.' Ya ce duk zauren ke kaɗai kike ganin fuskarsa." Ta ƙara matse hannunta. "Ki gaya min, 'yata. Ya ji tsoro? Idonsa a buɗe yake? Ko da ba ki gane ciwo ba ne, ai kin ga fuskar. Ita kawai nake so ki ba ni, in san yadda ɗana ya tafi."

Ƙarya tana nan a kan harshenta, a shirye. Ta ce ya yi murmushi, ta ce bai wahala ba, tsohuwar nan ta samu abin riƙewa har ƙarshen ranta. Ba mai ƙaryata ta a duniya.

Amma ta kasa ƙirƙiro fuskar.

"Ban duba ba, Mama."

"Na sani, hayaƙin..."

"Ba hayaƙi ba ne. Ya janye tun da wuri." Muryarta ta fito a bushe. "Fushi nake yi da shi. Na ji yana ƙartar katako, na ce ba zan ɗago ba. Maganin yana aljihuna."



Raɗa ta ji hannayen nan biyu suna sakin nata a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Minti nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Mama."

Ta jira zagi, ta jira mari, ta roƙi Allah a zuciyarta ya sa a yi mata ko ɗaya daga ciki. Tsohuwar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ta dubi matashin kansa, ta shafa shi da tafin hannu ta gyara masa zama.

"Ashe shi kaɗai ya tafi," ta ce a hankali, ba da Raɗa take ba. "Ɗana yana kallon mutum, kuma shi kaɗai ya tafi."

"Mama, ki yafe..."

"Tashi ki je gida, yarinya. Ki ja min ƙofar."